Minti Goma Sha Biyar a Gefen Yaya

Shekarar da Yaya ta zo jinya gidana, shekarata biyu ke nan ina fama da shafin farko na littafin tarihin mahaifinmu. Ba wai ban taɓa rubutu ba ne. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan Daura, kuma kafin lokacin na fitar da 'yan littattafan labari guda biyu. Ba su yi wani tashe ba, amma sun isa a riƙa ce mini marubuci a unguwa, kuma wannan sunan ne ya ja mini. Wata rana bayan sallar layya dangi sun taru a gidan Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a cikin iyaye maza. Ana cikin cin nama sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, tun da Allah ya ba gidan mai alƙalami, to a rubuta tarihin yayansa kafin waɗanda suka san shi su ƙare. Na ce to. Har da ƙarawa da cewa wata uku ya ishe ni.

Abin rubutawa bai yi mini ƙaranci ba. Mahaifinmu falken dabbobi ne, yana sayo tumaki da awaki a kasuwar garin Babban Mutum da ƙauyukan bakin iyaka, ya kawo Daura ya sayar. Na bi tsofaffin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki muryoyinsu a waya. Amma duk sa'ad da na buɗe kwamfuta, jimla ɗaya ce ke fitowa: mahaifinmu mutum ne mai gaskiya da riƙon amana. Sai in zuba mata ido. Babu ƙarya a ciki, amma ta fi kama da abin da ake faɗa a zaman makoki. In goge, in sake wata, ita ma in goge. Na canza ɗaki, na canza lokaci, na sayi sabuwar kujera. Har hutun wata guda na ba kaina, wai ko kewar rubutun za ta kama ni. Ba ta kama ni ba.

Baffa kuwa bai manta ba. Gidansa yana kan hanyar Kusugu, kuma yawancin yini a ƙofar zaure yake zaune, don haka na daina bin hanyar, sai in zagaya ko da tafiyar ta ninka. Amma suna da ɗaurin aure ba a zagaye su. Da ya hango ni sai ya ɗaga sanda.

"Ina littafina?"

"Yana kan hanya, Baffa."

"Hanyar nan da tsawo take. Ko Makka ya tafi a ƙasa?"

Mutane su yi dariya, ni ma in yi, in koma gida abinci ya ƙi shiga.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ni ne ƙarami, shekara takwas tsakaninmu. Ita ta goye ni, kuma har yau da na yi furfura Auta take kirana. A Sandamu ta yi aure, a can ta yi aikin koyarwa har ta zama shugabar makarantar firamare, ta yi ritaya. Da abu biyu aka san ta, tsare gida da kyan rubutu. In ta rubuta abu a allo, malamai kan ji nauyin gogewa.

Farkon daminar shekarar, tana tankaɗen gari da hantsi, rariya ta suɓuce daga hannunta, ta sulale ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita. Cikin mako guda magana ta dawo, sai ɗan karkacewar baki. Ƙafa tana jan ƙasa kaɗan, hannun dama ne ya fi jin jiki. Da aka sallame ta, 'ya'yanta suka ga gidana ya fi kusa da asibitin da za a riƙa gasa mata hannu, sai mai ɗakina ta gyara mata ɗaki ta dawo wurinmu.

Ma'aikaciyar da ke gasa mata hannun ta ba ta aikin gida uku: ta riƙa matsa wata 'yar ƙwallon roba, ta riƙa tsince wake daga wannan kwano zuwa wancan, sannan ta riƙa rubutu kowace safiya. Biyun farko Yaya ta rungume su. Na ukun sau ɗaya ta gwada. Ta riƙe biro da ƙyar, ta ja haruffan sunanta, ta dube su, kamar inda kaza ta yi tono. Ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin filo, ba ta ƙara taɓa shi ba.

Ranar da muka koma asibiti na ja ma'aikaciyar gefe na gaya mata. Ta ce, "Malam, ai ba kyan rubutu muke nema ba, hannun muke so ya tuna aikinsa. Ta rubuta komai, ko shirme ne. Minti goma sha biyar, ba tsayawa, ba duba abin da ya wuce. In ta gama ma ta yaga ta zubar."

Na dawo gida da wannan magana, na ƙara mata gishiri, na zauna gaban Yaya na yi ta jawabi a kan haƙuri, da cewa sannu ba ta hana zuwa. Ta bar ni har na kai aya, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Auta, kai ne za ka yi mini wa'azin rubutu? Ina littafin Baffa?"

Mai ɗakina, da ke yankan kuɓewa a gefe, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

"Ai wannan daban ne, Yaya."

"Da me ya bambanta? Ni hannu ne ya ƙi, kai ban san abin da ya ƙi ba. In kana so in rubuta, ɗauko naka ka zauna nan. Kana yi ina yi. Ka tsaya in tsaya."

Ita ta kafa dokokin, kamar yadda ta saba. Babu kwamfuta, don a 'yan makonnin da ta yi a gidan ta lura maɓallin gogewa ya fi kowane maɓalli shan wahala a hannuna. Babu fensir. Biro ne da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai falle arba'in. Ba a soke kalma, ba a ɗaga biro a yi tunani, kuma ba mai karanta na wani. Mai ɗakina ce mai riƙe lokaci, ta saita ƙararrawar waya ta ajiye a kan turmi.

Lokacin ana dogon hutu. Washegari bayan mun sha koko muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ita ta jingina da bango, an sa mata filo a cinya ta ɗora littafin, ni kuma na tanƙwashe ƙafa kamar ɗan aji ɗaya. Mai ɗakina ta ce, "Bismillah."

Na rubuta: ban san abin da zan rubuta ba. Na sake rubuta shi a layi na biyu, da na uku, har na ci rabin shafi. Sai na ji kunyar kaina, na ɗaga biro ina neman wata jimla mai mutunci. Nan take Yaya ta zungure ni a gwiwa da hannun hagu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Biro ya tsaya."

Don kada ta ƙara, na rubuta abin da ke gabana. Na rubuta cewa injin markaɗen maƙwabta yana damuna, ƙuda ya faɗa a sauran kokon, gwiwata tana ciwo kuma Yaya ce ta ja. Na rubuta cewa wannan aikin banza ne, mutum da girmansa. Ina cikin zagin aikin ƙararrawa ta kaɗa. Na duba, shafi biyu da rabi. Shirme ne daga farko har ƙarshe, amma rabon da in ga rubutuna ya kai haka ba a goge ba, har na manta. Yaya layi huɗu ta yi, gumi ya jiƙe mata goshi. Ta rufe littafinta ba ta duba ba, ta ce a ba ta ruwa.

Haka muka riƙa yi kullum, sai dai ranar asibiti. Makon farko ƙorafi kawai nake zubawa, na rufin ɗakin girki da ke yoyo, na wani abokin aiki da ya cika son girma. Wata rana ma sunayen unguwannin Daura na jera, da suka ƙare na koma ƙauyuka. Da yake na san ba mai gani, kuma ba littafi ba ne, sai na daina auna kowace kalma kafin in sa ta.

A mako na biyu mahaifinmu ya fara shigowa, kuma ba ta inda na daɗe ina jiransa ba. Wata safiya maƙwabcinmu ya wuce da rago a lungu, warinsa ya shigo gida. Na rubuta warin rago, sai hannuna ya zarce zuwa rigar Baba in ya dawo daga kasuwa, warin awaki da turare da gumi a haɗe. Daga nan na rubuta yadda yake buɗe bakin tunkiya da babban yatsa ya duba haƙora, fuska a ɗaure kamar alƙali. Na rubuta yadda yake barci rediyo a kunne, in an kashe ya farka ya ce yana ji. Na rubuta cewa yana da saurin fushi, kuma in suka saɓa da Inna, mahaifiyarmu, sai ya je ya yi wa awaki faɗa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a muryoyin da na ɗauka a waya. Abokansa duk cewa suka yi mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, suka yi shiru. Ni ma ban ɗauke su abin sawa a littafi ba, abin cika minti goma sha biyar ne kawai.

Layukan Yaya su ma suna ƙaruwa, daga huɗu har rabin shafi. Wani lokaci ta ja tsaki, wani lokaci in ga tana murmushi ita kaɗai. In na saci kallo sai ta kare da hannun hagu ta ce, "Satar amsa?"

Wata safiya a mako na huɗu aka wayi gari da yayyafi irin wanda ba ya tsayawa, sai muka koma ɗakin Yaya. Kafin a fara ta ɗauko katin asibiti don ta duba ranar komawa. Ba ta sa tabarau ba, ta riƙe shi a juye. Mai ɗakina ta miƙa hannu ta gyara mata shi, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da saita waya. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Aka ce bismillah, na fara da shi, don shi ne a gabana: Yaya ta riƙe kati a juye, an gyara mata shiru. Layi na gaba kuwa ban san sa'ad da na rubuta shi ba: ni da na ga irin wannan ban yi shiru ba.

Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin, ina aji biyu a makarantar kwana, na zo hutu. Baffa yana aiki a Kudu, yakan aiko wa yayansa wasiƙa da rubutun boko. Baba ya yi karatun allo, yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta ajami, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Ran nan bayan la'asar yana zaure da abokansa, aka aike ni in kai musu ruwa. Na same shi riƙe da wasiƙar Baffa, yana bin layi da yatsa, yana gaya musu abin da ke ciki daki-daki: yana gaida kowa, ruwa ya yi yawa a can, zai zo da azumi. Yaya ta riga ta karanta masa a cikin gida ina wurin ƙwallo, ya haddace. Abokan suna gyaɗa kai. Ni kuwa na leƙa ta kafaɗarsa, da ɗan bokon da ke yi mini ƙaiƙayi a ka, na ce da ƙarfi, "Baba, ai a juye ka riƙe ta." Na kuma yi dariya. Zauren ya ɗauka. Ɗaya daga cikinsu har da buga cinya.

Baba bai zage ni ba, bai doke ni ba. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu, ya karɓi kwanon ruwan ya ce, "Madalla. Je ka." Daga ranar bai ƙara miƙo mini wata takarda in karanta masa ba, ko ta haraji ko ta asibiti, alhali da in ina gida ni yake kira. Shekara shida bayan haka ya rasu, ina kwaleji. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Da farko ban san na yi laifi ba, da na gane kuma kunya ta hana ni, ina ta cewa sai wani hutun.

Ƙararrawa ta kaɗa ban tsaya ba. Sai da na kai ga rasuwarsa na ajiye biro. Na ɗago na ga mai ɗakina ta fita, Yaya ta rufe littafinta tana kallona. Fiye da shekara talatin ban gaya wa kowa ba, ni kaina ban cika bari in tuna ba. Amma ina rubutawa na gane abin da ke riƙe mini hannu. Duk sa'ad da na zauna zan yabi mutumin nan a takarda, kuma da boko, wani abu a ƙirjina yakan ce: da wane baki?

"Auta, lafiya? Fuskarka ta canza."

"Yaya, zan karya doka. Zan karanta miki."

Na karanta mata. Na gama, ruwa yana sauka daga indararo. Sai na ga kafaɗarta tana motsi. Na ɗauka kuka take yi. Ashe dariya ce, da karkataccen bakinta, har da hawaye.

"Wannan ne? Wannan ne ka ɗauko a ka shekara da shekaru?"

"Yaya, ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Bari in huta in gaya maka."

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce ba za ta ɓoye mini ba, abin ya yi masa ciwo. Ranar ko tuwo bai ci ba, kwana biyu kuma bai zauna a zaure ba. A rana ta uku ya kira ta rumfar awaki, inda yake ajiye harawa. Lokacin ta fara koyarwa, ba ta yi aure ba tukuna. Ya ce mata, "Yaron nan ya kama ni, kuma gaskiya ya faɗa. Ni na ja, da na yi abin da ban iya ba a gaban mutane. Ki samo allo irin naku da alli."

"Ni na koya masa," in ji ta. "A bayan rumfar nan, a kan buhun dusa, duk ranar da ba kasuwa. Ɗalibi mai taurin kai irinsa ban taɓa gani ba. Kullum sai ya fara daga dama, in ce daga hagu ake farawa, ya ce abin Nasara ai dole ya zo a baibai. Wajen shekara muka ɗauka. Har ranar da za a kai ni ɗakin miji sai da ya tare ni ya tambayi wani harafi. Amma ya iya. A hankali yake yi, da yatsa, amma ya iya."

"To me ya sa bai ƙara ba ni takarda ba?"

"Mai karatu da kansa me zai yi da kai? Wasiƙun da kake aikowa gida, kana rubutawa a samansu wai a karanta wa Baba, wa ka ɗauka ke karantawa? Karɓewa yake yi ya shige rumfa. In ya fito ya ce da Inna, yaron nan a takarda ma surutu gare shi."

Na tambaye ta don me ba wanda ya gaya mini. Ta ce shi ya hana. "Cewa ya yi kada Auta ya ji, kansa zai kumbura ya ce shi ya sa ni makaranta. Da ya rasu kuma na manta ma sirri ne, na ɗauka Inna ta gaya maka. Da na san kana tafe da wannan kaya, ai da tuni na sauke maka."

Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Wata rana ya raka ni tasha zan koma kwaleji, na ga yana kallon bayan wata motar kaya, leɓunansa suna motsi. Na ɗauka zikiri yake yi. Na gaya wa Yaya, ta ce, "Zikirin me? Rubutun bayan mota ai shi ne jaridarsa."

Ban ce wannan ya wanke ni ba. Abin da na yi rashin kunya ne, haƙurin da ban bayar ba kuma ya wuce, sai addu'a. Amma na daɗe ina ganinsa a zauren nan yana ninke takarda, kamar a nan zamanmu ya tsaya. Yanzu sai ga shi a kan buhun dusa yana musu da 'yarsa. Na fita tsakar gida, yayyafin ya ɗauke, na tsaya ina jan numfashi, na ji ƙirjina ya yi sakayau. Mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko lafiya, na ce mata yunwa nake ji. Ranar na ci ɗanwake kwano biyu, bayan azahar na kwanta na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Da la'asar na miƙe har ƙofar Baffa. Kafin ya ɗaga sanda na riga shi, na ce ba littafi na kawo ba, tambaya na kawo: ko Baba ya taɓa rubuto masa wasiƙa da hannunsa? Ya ce sau biyu, manyan haruffa kamar an kafa shinge, kowacce layi huɗu ko biyar. Ya adana su shekaru a akwati, gara ta cinye. "Na ɗauka ka sani," ya ce. Kowa dai ya ɗauka na sani.

Kada in yi ƙari, littafin bai zubo ba kamar an buɗe famfo. Bayan kwana biyu na koma kwamfuta, na sake cijewa, sai na rufe ta na dawo tabarma. Abin da ya fisshe ni shi ne raba aikin biyu. Da safe in zuba duk abin da ya zo a gefen Yaya, da yamma in ɗauki na jiya ko na shekaranjiya in tsince, kamar mai tsintar shinkafa, sai dai a nan tsakuwar ta fi shinkafar yawa. A shafi goma wani lokaci sakin layi ɗaya nake samu, wata rana ko shi babu. Ban damu ba, don gobe ma za a shimfiɗa tabarma. Da aka koma makaranta muka matso da zaman, muna yi kafin in fita aiki.

Bayan girbi Yaya ta koma Sandamu. Hannun bai koma yadda yake ba, amma tana ɗaura zane da kanta, tana cin tuwo da dama, rubutunta kuma ana karanta shi. Ta tafi da littattafanta uku a ƙasan jaka, ban taɓa ganin cikinsu ba. Sau ɗaya na tambaye ta me take rubutawa, ta ce rabi zagina ne, rabi kuma ba ruwana. Na ci gaba ni kaɗai. Wasu safiyoyin takan yi mini filashin a waya, alamar ta fara, sai ni ma in ɗauki biro.

Na gama rubutun kafin watan azumi. Ɗan Yaya ya kawo ta a mota, muka zauna a zauren Baffa yamma uku ina karanta musu. Baffa ido a rufe yake saurare, har na ɗauka gyangyaɗi yake yi. A yammar ƙarshe ya buɗe ido ya ce na sa fushin yayansa ya yi yawa, mamaci ba a faɗin aibinsa. Yaya ta ce, "Baffa, wannan ba aibi ba ne, kamanni ne. In aka cire, jikokinsa ba za su gane shi ba." Sai ya ce a bari, amma a cire sunayen mutanen da ke zauren ranar wasiƙa, don 'ya'yansu suna raye. Na yarda.

Na fara tattara takardu sai ya ce in dakata. Ya ce suna samari, shi da yayansa sun koro awaki a ƙasa daga Babban Mutum, ruwa ya tare su a hanya, wani rafi ya cika. Shi bai iya ruwa ba, ya tsaya yana kyarma. Baba ya saɓa shi a wuya ya ƙetare da shi, kafin ya koma ruwa ya tafi da awaki biyu. Da suka iso gida kakanmu ya tambayi yadda aka yi, Baba ya ce sakacinsa ne, ya sha duka, kuma har ya mutu bai taɓa faɗin dalili ba.

"Ni ma ban taɓa faɗa ba," in ji Baffa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"A sa wannan, Baffa?"

"Sa shi. Kuma ka ce ni ne matsoracin."

Aka kira magariba. Na kama Yaya ta miƙe, ɗanta ya matso da mota bakin zaure. Baffa ya ce gobe in dawo da wayata, akwai saura. Na koma da hantsi, sai bayan la'asar na bar gidan.